Jawabi a kan mafarin Difa da filin tsakiyar gari



Kafin 1964 Difa ƙauye ne a bakin kogin Komadugu. Manyan wuraren mulki su ne Ngigimi da Maine Sorowa. A 1964, zamanin shugaba Diori Hamani, aka raba Nijar jaha 7. Aka zaɓi Difa, da ke tsakanin garuruwan nan biyu, ta zama mazaunin prefe.

Aka gina ofisoshi, aka sha tituna. Hanyar kwalta ta iso bayan 1970. A ƙidayar 1977 mutanen garin dubu 4 ne da ƴan kai. A 1988 sun wuce dubu 13. A 2012 sun kusa dubu 40. Ku duba: ninki 9 da wani abu cikin shekara 35!

Lokacin da gari ke ƙarami, fili ba ya tsada. Inda aka ga inuwa, nan ake zama. Nan Barebari ke baje tattasai da banda, Fulani su kawo nono, Tubawa su durƙusar da raƙuma. Nan ake kokawa, nan ake karanta wa mutane saƙon hukuma. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a Nijar, samariya ta shiga aikin. Inuwar dogon yaro ba ta zo da kanta ba. Wani ne ya ɗauko ruwa a ka, rani bayan rani.

Yanzu fa? Tun harin Boko Haram na Fabrairun 2015 mutanen bakin kogi da na tafkin Cadi suka kwararo gari. Ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 ta ƙaro wasu. Kowa na neman wurin kafa bukka, kuma yana da gaskiya. Amma filin jama'a ba shi da mai kuka. Wannan ya ci taku 2, wancan ya kafa rumfa, shi ke nan.

Ƙauyen da ke girma, tun yau ya keɓe filinsa. Maigari da dattawa su auna shi, su kafa turaku a kusurwa 4. Ƴan makarantar yaƙi da jahilci su rubuta tsawonsa da faɗinsa a takarda. A kai ɗaya wurin magajin gari, ɗaya ta zauna hannun maigari. A dasa itace da faɗuwar damina, a kewaye shi da ƙaya saboda awaki.