Dashen Haƙori Ga Wanda Ƙashin Muƙamuƙinsa Ya Zaizaye



Batun da aka ɗora mana yau shi ne dashen haƙori, musamman ga wanda ƙashin muƙamuƙinsa ya zaizaye har babu sauran wurin kafa kome. Ya kamata mu fara da abin da ke cinye ƙashin. Saiwar haƙori a cikin ƙashi take, kuma nauyin tauna da ke ratsa ta shi ke sa ƙashin ya zauna da ƙarfinsa. Da zarar an cire haƙori, sai jiki ya ga wannan ƙashi ba shi da sauran aiki, ya shiga janye shi, har faɗin wurin kan ragu da kusan rabi cikin shekara guda. Haƙoran roba da ake ɗorawa bisa dasashi ba su hana wannan. Shi ya sa za ku ga dattijo ya daɗe da su, baki ya shige ciki, haƙoran suna ta rawa, tsokar nama ta gagare shi.

A shekarar 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya dasa ɗan ƙarfen titaniyam a ƙafar zomo don ya duba gudun jini. Da ya zo cirewa sai ya tarar ƙashi ya kama ƙarfen gam. A 1965 ya kafa irin wannan ƙarfe a muƙamuƙin wani mutum, ya zauna masa fiye da shekara 40 har ya rasu. Wannan shi ne asalin dashen da aka sani yau, wato ƙusa mai murɗi da ake kafawa cikin ƙashi a ɗaura mata haƙori.

To, amma ƙusa sai da bango. Idan ƙashin ya ƙare, likita kan yanko wani daga ƙugun majinyacin ya yi ciko, a jira watanni ya kama. Ga zafin fiɗa biyu, ga shi wani lokaci cikon ma yakan narke. Ko kuma a kafa doguwar ƙusa, mai kai milimita 50, ta wuce muƙamuƙin sama ta shiga ƙashin kunci.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ce muka fi so mu tsaya a kanta. Tun farkon shekarun 1940 wani ɗan Suwidin ɗin, Gustav Dahl, ya yi tunanin cewa in ba a iya shiga cikin ƙashi, sai a hau kansa. Aka riƙa zuba wani ƙarfe mai kama da raga, a aza shi bisa ƙashin a ƙarƙashin dasashi kamar yadda ake aza sirdi a bayan doki, ƙafafunsa su ɓullo cikin baki su ɗauki haƙora. Duk wanda ya san doki ya san abin da sirdin da bai zauna ba yake yi wa gadon baya. Haka aka yi a nan. Don a sami awo, sai an tsaga dasashi an ɗauki siffar ƙashin, a ɗinke, a sake tsagawa ranar sawa, kuma duk da haka awon bai cika yin daidai ba. Ƙarfen ya riƙa motsi, wurin ya yi ruwa, ƙashin da ya rage ya ƙara lalacewa. Likitoci suka yi watsi da ita.

A ganinmu dabarar Dahl ba ta da laifi, ma'auni ne ya ci amanarta. Yau ana ɗaukar hoton CT na muƙamuƙin, kwamfuta ta fitar da siffarsa da kowane lungu da tudu, ba tare da an zubar da ɗigon jini ba. A kan wannan siffa likita da injiniya za su zana sirdin mutum ɗaya tak, su zaɓi inda ƙashi ke da sauran kauri, kamar gefen hanci da gindin kunci, don ƙananan ƙusoshin da za su riƙe shi. Sa'an nan na'ura ta shimfiɗa garin titaniyam, hasken leza ya narka shi, a sake shimfiɗa wani, hawa-hawa har ƙirar ta cika. Da irin wannan ƙira ce a 2011 aka sa wa wata tsohuwa mai shekara 83 a ƙasar Holan muƙamuƙin ƙasa sukutum, mai nauyin giram 107. Fiɗa ɗaya ta isa, kuma sau da yawa akan ɗaura haƙoran wucin gadi cikin 'yan kwanaki.

Kada dai mu ruɗu. Dasashi yakan ja da baya ƙarfen ya bayyana, tsohuwar matsalar ke nan ba ta gama mutuwa ba, kuma ta fi kama mai shan taba da mai ciwon sukarin da bai kula da shi ba. Ga tsada. Ga shi ƙusar Brånemark tana da shaidar fiye da shekara 50, sabon sirdin kuwa shaidarsa ƙarama ce tukuna.

Mu a nan, ban da tsufa da cire haƙori, muna da ciwon noma, mai cin kunci da ƙashin yaran da yunwa ta raunana. Saboda shi aka buɗe asibiti na musamman a Sakkwato a 1999, kuma a Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Sai dai ƙarfe ba ya girma tare da yaro. Don haka akan fara gyara fuskar da naman jikinsa, dashen haƙori kuwa sai muƙamuƙi ya gama girma.