Jawabin Ofishin Magatakarda: Matan da Ke Riƙe da Rumfunan Katako da Batun Rajista

 

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu da suka taso daga Maraɗi da Katsina da Kano domin bikin zagayowar ranar kafa wannan ƙungiya, sannunku da zuwa. An ba ofishinmu minti goma mu karanta lissafin shekara. Lissafin yana shafin ƙarshe na takardar da aka raba, kowa ya duba a tsanake. Da izininku za mu yi amfani da lokacin a kan wani abu da muke gani kullum a littafin rajista. Maganar ta fi shafar 'yan katako, amma sauran sassa ma a kasa kunne.

Idan aka buɗe sashen katako, sunayen maza ne daga sama har ƙasa. Na mata ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Amma mu da ke bin kuɗin wata mun san muryar da ke amsa mana. Sai mu kira Alhaji, ya ce, "Bari in haɗa ku da Hajiya, ita ke riƙe da littafi." Wani kuma 'yarsa ce da ta gama sakandare take zaune a rumfa, tana ƙirga tu-bai-fo da tu-bai-tu da falankai, tana rubuta wane kafinta ya ɗauka bashi, wane ya kawo rabi.

Kun fi mu sanin yadda sana'ar take. Kaya na tasowa daga injinan tsaga katako na kurmi, wajen Sapele ko Ondo, su yi kwanaki a hanya kafin su sauka Na'ibawa. Daga nan sai Katsina, Jibiya, Ɗan Issa, Maraɗi, wasu har kasuwar Katako ta Yamai. A saya da naira, a sayar da sefa, kuma kusan kowane mataki bashi ne: mai inji yana bin mu, mu muna bin kafinta, kafinta yana jiran mai gini. Wanda ya san wa ke bin wa, da ranar da canji ya motsa, shi ke tafiyar da rumfar, ko da ba sunansa ne a allon ƙofa ba.

Ga abin da ya faru a gabanmu, kuma da hannunmu a ciki.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar aka rufe iyaka. Mun taɓa ɗanɗana rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, don haka kowa ya san ba abin kwana biyu ba ne. Cikin waɗannan makonni Allah Ya yi wa ɗaya daga cikinmu rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Ba za mu faɗi suna ba. Ya bar mota cike da kaya a tsaye kafin Jibiya, ga damina, ga katakon bai gama bushewa ba. Ɗanyen katako idan ya daɗe a ɗaure ƙarƙashin tamfol sai ya yi baƙi, ya karkace, babu kafintan da zai saye shi da daraja. Direba kuma yana ƙirga kuɗin kwana.

Matar marigayin tana takaba, wata huɗu da kwana goma. Daga ɗakinta, ta waya, ta sa aka juya motar zuwa Katsina, aka sauke, aka jera katakon da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa. Ta sayar da naira, da asara, amma ta biya mai inji kuɗinsa cif. Sannan ta aiko ƙanenta ofishinmu da buƙata biyu: takardar shaida daga ƙungiya zuwa ga mai injin domin ya ci gaba da ba rumfar kaya, da kuma abin da ake bayarwa daga asusun taimako.

Muka buɗe littafi, babu sunanta. Muka ce a yi haƙuri, doka ba ta ba mu dama ba. Takardar shaidar ƙanen marigayi muka ba, don shi ya zo da katin, mutumin kirki ne amma bai san bambancin afara da maɗaci ba. Shekara ba ta zagayo ba rumfar ta tashi.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Cikin jarin rumfar akwai kuɗinta na kanta, na adashi da sarƙar zinarin da ta sayar. Ba a rubuta ko'ina ba. Da aka zo rabo sai aka haɗa duka a cikin gado, ta tashi da tumuni. A fahimce mu, rabon gado aikin malamai da alƙalai ne, ƙungiya ba ta da ta cewa. Amma abin da yake nata tun asali ai ba gado ba ne, shaida kawai ya rasa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Mu da aka ɗauka aikin rubutu muka bar wannan babu rubutu.

Mun ji abin da wasu iyayenmu ke cewa, wai mace ba ta bin mota zuwa kurmi. Da girmamawa muke tambaya: yau alhazai nawa ne a nan ke bin mota? Waya ce da tura kuɗi ta banki da yaron da aka amince da shi. Wanda kuma ya taɓa shiga kasuwar katako ta Bodija a Ibadan ya san mata nawa ya yi ciniki da su, bai kuma ce kayansu ba su sayuwa ba. Ba mu ce kowa ya fito da iyalinsa kasuwa ba, wannan tsarin gidan kowa ne. Wadda take aikin daga cikin gida, a san da ita daga cikin gidan.

Saboda haka ofishinmu ya miƙa wa kwamiti shawara. A ƙara layi ɗaya a fom ɗin rajista, inda mamba zai rubuta mutum na biyu da ke da ikon magana da sunan rumfarsa, matarsa ce ko 'yarsa ko 'yar'uwarsa, tare da adadin jarinta idan tana da shi, da sa hannun shaidu biyu. Ranar da ta Allah ta kasance, ko ciwo ya kwantar da shi, ita za mu ba takardar shaida, ita asusun taimako zai biya. Matar da ke tafiyar da rumfa da kanta kuwa ta yanki katinta, ta biya kuɗin wata kamar kowa, ta jefa ƙuri'a. Muna kuma roƙon kujera ɗaya ta mace a kwamitin sasanci, don akwai bashin da mace ba za ta iya zayyana shi a gaban maza goma ba.

A taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a kan wannan. Samfurin sabon fom yana kan teburin bakin ƙofa, da Hausa da Faransanci, kowa ya ɗauki ɗaya ya kai gida a karanta tare. Wanda yake da gyara ya same mu a ofis bayan la'asar.