Jawabi A Kan Zaɓen Ƙungiya Da Rajistar Masu Jefa Ƙuri'a

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, dattawan unguwa, 'yan kwamiti da sauran 'yan'uwa na nan Sabo, Ibadan.

Kowa ya riga ya ji cewa kotu ta tsayar da zaɓen ƙungiyarmu, ta ce kada a jefa ƙuri'a sai an gyara rajistar 'ya'yan ƙungiya. Na ji wasu suna cewa waɗanda suka kai ƙara sun tona mana asiri a gaban masu masaukinmu. Ni ma ban so aka je kotu ba, wallahi. Amma littafin da aka ɗauko za a yi zaɓe da shi, akwai sunayen mutanen da mu da kanmu muka yi wa salla muka kai makwanci, alhali yaran da aka haifa a nan, suna biyan kuɗin wata, babu sunansu. To, wanda aka hana wa ƙuri'a ina aka bar masa ya kai kukansa?

Ku tuna abin da ya faru a Zamfara. A shekarar 2018 jam'iyyar APC ta rabu tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa, har ranar 7 ga Oktoba da hukumar zaɓe ta yanke ta wuce ba a yi zaɓen fidda gwani da kowa ya yarda da shi ba. Suka shiga babban zaɓe na 2019, suka cinye komai. Ran 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce jam'iyyar ba ta da halattattun 'yan takara, watau ƙuri'unta duk sun tafi a banza. Gwamna da mataimakinsa, sanatoci 3, 'yan majalisar wakilai 7, 'yan majalisar jiha 24, duk suka kuɓuce, aka rantsar da Bello Matawalle na PDP. Alƙali bai tambayi wanda ya fi jama'a ba, dokar da jam'iyya ta rubuta wa kanta ya duba ko an bi ta. Mu ma tsarin mulkin ƙungiyarmu lauyoyi za su buɗe, shafi bayan shafi, kuma kowane zama kuɗi ne daga asusun da muke kai gawa gida da shi, muke belin yaranmu idan an kama su.

Saboda haka shawarata ga kwamiti ita ce a fara yanke magana guda: wane ne ɗan ƙungiya? Nan ne rigimar take. 'Yan ci-rani suna tafiya gida da damina su dawo bayan kaka. Ni dai ina ganin wanda rasit ɗinsa ya nuna ya biya kuɗin shekara a rubuta shi, ko yana Sakkwato ranar rajista. Ɗan acaɓa da fatomar goro ƙuri'arsu ɗaya ce. Sa'an nan kada ɗan takara ko yaronsa ya riƙe alƙalamin rajista. Kowane ɓangare ya kawo mutum biyu, liman ya zauna a tsakiya.

Idan an gama, a kafe sunayen a ƙofar masallacin Juma'a da ofishin ƙungiya har Juma'a biyu, a kuma karanta su da babbar murya, domin da yawa daga cikin dattawanmu ajami suke karantawa, ba boko ba. Mai ƙorafi ya kawo a lokacin. Bayan nan 'yan takara su sa hannu a kowane shafi, a ba kowa kwafinsa, a kai wa kotu ɗaya tare da takardar sulhu.

Ina roƙon mai girma Sarki ya kira ɓangarorin biyu kafin ranar da za a koma kotu. Mai tsohon kati ko rasit kuma ya neme shi tun yau.