Fulogi Da Kwayil: Jawabi Ga Direbobi Da Masu Motoci

Yau maganarmu a kan abubuwa biyu ne na injin mota mai shan fetur, watau fulogi da kwayil.

Wutar batir bolt 12 ce kawai, ba ta isa ta kunna fetur ba. Kwayil shi ke karɓarta, ya ƙara mata ƙarfi har ta kai bolt 20,000 ko fiye, sa'an nan ya miƙa wa fulogi. A bakin fulogi akwai 'yar tazara, misalin milimita ɗaya. Wutar takan tsallake tazarar nan ta yi tartsatsi, fetur da iska su kama, su tura fistan. Tsofaffin motoci kwayil ɗaya gare su, amma yawancin na yanzu kowane fulogi da nasa.

To, yau da gobe bakin fulogi yakan cinye, tazarar ta ƙara faɗi. Daga nan sai kwayil ya wahala kafin wuta ta tsallake, ya riƙa zafi, har wata rana ya ƙone. Ka ga fulogi mai ɗan kuɗi kaɗan ya kashe kwayil mai tsada. Kafin haka kuwa mota za ta nuna alama: wuyar tashi da safe, karkarwa in tana tsaye, kasala wurin hawan tudu, da yawan shan mai. Fetur ɗin da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke fita ta salansa.

Saboda haka a lura da waɗannan. Fulogi na jan ƙarfe akan canja shi bayan misalin kilomita 30,000, na iridiyam kuwa yakan kai 100,000. Littafin motarka zai faɗa maka daidai. A canja su duka tare, injin yana sanyi. Kwayil kuwa sai makaniki ya auna ya ga ya lalace. A dubi tsohon fulogi: in bakinsa ruwan ƙasa ne, injin lafiya lau, in ya yi baƙi da kunkunniya, fetur ya fi iska yawa, in ya jiƙe da baƙin mai, akwai wata cuta a ciki wadda sabon fulogi ba zai warkar ba. Kada kuma a sayi jabu, gama araha ba ta ado.

Wanda ya kiyaye wannan, motarsa za ta tashi bugu ɗaya, mai ya yi masa auki, kuma ba zai kwana a daji da fasinja ba. Allah ya kiyaye hanya, amin.