Bututun Agadem: hanyar kowa ce, ko ta mai ita kaɗai?

(Jawabin da aka gabatar gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji)



Manoman wannan yanki sun ga ranar da manyan injuna suka tsaga gonakinsu, aka binne ƙarfe, aka mai da ƙasa, aka wuce. Ƙarfen nan shi ne bututun ɗanyen mai da shugaba Mahamadou Issoufou ya ƙaddamar da aikinsa a watan Satumba na 2019. Tsawonsa kilomita 1,950 ne, 1,275 daga ciki a ƙasar Nijar. Ya taso daga Agadem, ya ratsa jihohin Damagaram, Maradi, Tawa da Dosso, ya ƙetare a Gaya, ya dire a Seme kusa da Kwatano, inda ƙarshensa ya nutsa cikin teku har wurin da manyan jiragen ruwa ke tsayawa a yi musu lodi. An tsara shi don ya kwashi ganga 90,000 kowace rana. An yi ta magana a kan tsawonsa da kuɗin da ya ci. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, wa ke da ikon zuba mansa a ciki, kuma nawa zai biya?

Ɗan kasuwar Maradi ba baƙo ba ne ga wannan tambaya. A zamanin gyaɗa, kayan Katsinar Maradi da Gobir Kano suke zuwa, jirgin ƙasa ya kai su Ikko. A 1953 Faransawa suka ƙirƙiro tsarin da suka sa wa suna Hirondelle, don su karkata gyaɗar zuwa Paraku da Kwatano, a 1959 kuma aka kafa hukumar OCDN ta haɗin gwiwa tsakanin Dahome da Nijar. Shekara huɗu bayan haka, a ƙarshen 1963, rigimar tsibirin Lete ta tashi, aka toshe hanya, kayan Nijar suka kwana a tashar Kwatano. Kaya naka ne, amma hanya ta wani ce.

Shekara sittin bayan nan aka maimaita darasin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta rufe iyakoki. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata gefen, Yamai ta bar nata a rufe. A watan Mayu shugaba Patrice Talon ya hana a yi lodin man Nijar a Seme, sai da ƴan Sin suka shiga tsakani jirgin farko ya ɗauki kusan ganga miliyan ɗaya. A watan Yuni aka kama ƴan Nijar biyar a tashar, gwamnati ta rufe bututun, a cikin watan kuma ƴan tawayen FPL suka fasa shi a gabashin ƙasa. Lodi bai koma ba sai a watan Agusta. To, a watan Afrilu na 2024 gwamnati ta riga ta karɓi dalar Amurka miliyan 400 daga kamfanin CNPC, da ruwa na kashi 7 cikin ɗari, a kan za ta biya da mai. Mai ya tsaya, ruwan bashi bai tsaya ba. Ma'aikacin da ke jiran ƙarshen wata ya san daga wace tukunya ake ɗiban wannan asara.

Wannan ita ce ƙofar waje, wadda kowa ya gani. Akwai ƙofa ta biyu a cikin gida, ita kuwa ba ta da hayaniya, amma ita ce za ta fi daɗewa.

Kamfanin da ke riƙe da bututun, wato WAPCO, mafi yawan hannun jarinsa na CNPC ne. CNPC ɗin nan kuma shi ke da kashi 65 cikin ɗari na rijiyoyin Agadem, kamfanin OPIC na Taiwan na da 20, ƙasar Nijar na da 15. A yaren kasuwa, mai motar ɗaukar kaya shi ma ɗan kasuwa ne, buhunansa na cikin motar, kuma motarsa ce kaɗai ke bin hanyar. Amma ba shi kaɗai ya samu mai a ƙasar nan ba. A 2018 kamfanin Savannah na Ingila ya haƙa rijiya biyar a yankin Agadem, duka biyar ya tarar da mai. A 2024 kamfanin ƙasa, Sonidep, wanda aka sani da sayar da esansi da gazwal, ya shiga aikin neman mai da kansa. Babu ɗaya cikinsu da zai iya shimfiɗa wani bututu na kilomita dubu biyu don ganga ƴan dubbai. Man da ba shi da hanyar fita kuwa, darajarsa ɗaya da ruwan rijiya, ba bankin da zai ba da ko tamma a kansa.

Dokar man fetur ta 2017 ta ba wasu kamfanoni damar bi ta bututun wani in akwai sauran wuri. Kalmar doka ta yi kyau, amma a nan ne aikin yake farawa. Wa ke auna sauran wurin? In mai bututu ya ce ya tanadi wurin ne don rijiyoyin da zai haƙa baɗi, wa zai ce masa a'a? Ba sai ya rufe ƙofa ba ma, ya isa ya sa kuɗin hanya mai tsada, baƙo da kansa zai juya, ko kuwa ya sayar masa da man a bakin rijiya a farashin da ya ga dama. Akwai kuma batun gauraye. Mai ba iri ɗaya ba ne, wani ya fi wani nauyi da tsada, amma a cikin bututu haɗuwa yake yi, kamar a juye gyaɗar mutum uku cikin buhu ɗaya. Dole a auna ingancin na kowa kafin ya shiga, a yi lissafin wa zai cika wa wa bayan an sayar. In sikeli da littafin lissafi duk suna hannun babban abokin takara, an ba kura ajiyar nama ke nan. Ranar da kuwa aka fasa bututu ko ƙarfinsa ya ragu, man wa za a fara tsayarwa?

Ƙasar Norwe ta sha wannan matsala a ƙarƙashin teku, inda bututan iskar gas ɗinta ke kaiwa Jamus, Beljiyam, Faransa da Ingila. Da farko kowane bututu da masu shi da sharuɗɗansu, ƙaramin kamfani sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ciniki. A 2001 gwamnati ta kafa kamfanin Gassco, mallakar ƙasa, wanda ba ya haƙa ba ya sayarwa, aikinsa kawai tafiyar da bututan. A 2003 aka haɗe su wuri ɗaya da sunan Gassled. Ma'aikatar mai ce ke yanke kuɗin hanya, a buga shi kowa ya gani. A 2013 ta zabtare kuɗin don ƙananan rijiyoyi su samu fita, masu jari suka kai ƙara, kotun ƙoli ta ba gwamnati gaskiya a 2018. Kada a ce ai wannan ƙasar masu kuɗi ce. Raba mai sikeli da mai kaya ba ya bukatar dukiya, kasuwar Gidan Rumji ma ta san amfanin dillalin da ba shi da buhu a ciniki.

Misali na kusa ya fi daɗi. Bututun Cadi zuwa Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070, ya fara aiki a 2003, shi ma a cikin teku ya ƙare, daura da Kiribi. Kamfanin Exxon da abokansa ne suka gina shi don rijiyoyin Doba. Bayan kusan shekara goma aka buɗe shi ga wasu, cikin waɗanda suka amfana har da CNPC da kansa. Wanda ya ci arzikin baƙunci a Cadi ba shi da bakin hana baƙo masauki a Nijar. Kamaru kuma ta nuna cewa sa hannu a takarda ba ƙarshen zance ba ne: a 2013 ta sake ciniki, kuɗin wucewa ya tashi daga santi 41 zuwa dala 1 da santi 30 a kowace ganga.

An sha zancen wasu hanyoyi. An yi yarjejeniya da Cadi a 2012, aka sake tado ta a 2024. A 2018 aka sa hannu da Najeriya kan matatar mai a jihar Katsina. Har ƙarshen 2024 duk a takarda suka tsaya, shi ya sa ƙa'idar shiga wannan bututu guda take da nauyi haka.

Me ya shafi mutumin Agiye ko Gazawa? Shi ya ba da gonarsa, kuma masu garinsa ake kira in ana maganar sa ido a kan bututun. Ɗanyen mai ne ke gudana ƙarƙashin geronsa, ba zai zuba shi a babur ba. Esansinsa daga matatar Soraz yake zuwa, mai tace ganga 20,000 a rana tun 2011, ko daga ƴan ruwa-ruwa, waɗanda kasuwarsu ta karye bayan Najeriya ta janye tallafi a Mayun 2023. A Maris 2025 mutane suka yi dogon layi a gidajen mai, a watan ne kuma gwamnati ta kori shugabannin CNPC, Soraz da WAPCO ƴan ƙasar Sin. Korar mutum uku ta nuna fushi, ba ta rubuta ƙa'ida ba. Riba ɗaya da talakan nan zai gani ita ce wadda ta bi ta baitulmali, ita kuwa tana ƙaruwa ne in rijiyoyi da yawa sun samu fita, kuma kuɗin hanya bai cinye rabon ƙasa ba, domin ana cire shi ne kafin a yi rabo.

Kundin tsarin mulki na 2010, wanda aka jingine a 2023, ya wajabta a aya ta 150 a buga kwangilolin ma'adinai da kuɗin da suke kawowa a jaridar gwamnati. Jingine kundin bai hana kowa tambaya ba. Ofishin ƴan kasuwa na Maradi da ƙungiyoyin ma'aikata suna iya rubuta wa ministan man fetur, su nemi a bayyana kuɗin da ake biya a kan kowace ganga daga Agadem zuwa Seme, da yawan man da ke bi kowane wata, da sunan hukumar da za ta raba gardama in WAPCO ya ce wa Sonidep babu wuri, da abin da ke shiga asusun garuruwan Gazawa, Agiye da Gidan Rumji da bututun ya ratsa.