Don Wa Muka Kafa Ƙungiya?

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai a Zuru



Kowace shekara mukan kafa ƙungiyar wasa, mu yi karo-karo mu sayi riguna da ƙwallo, amma kafin zango ya ƙare sai a tarar filin ya zama makiyayar awaki. Kullum rashin kuɗi muke ɗora wa laifi. Yau muna so mu duba wani dalili dabam, ta hanyar wani labari daga ƙasar Japan.

A shekarar 2009 Natsumi Iwasaki ya wallafa littafin da aka fi sani da Moshidora, kana a 2011 gidan talabijin na NHK ya nuna shi a fim ɗin zane, wato anime, kashi 10. Labarin wata ɗaliba ce, Minami Kawashima, wadda ta karɓi aikin kula da ƙungiyar besbol ta makarantarsu domin ƙawarta Yuki tana kwance a asibiti. Besbol wasa ne na mutum tara-tara, ana jefa ƙwallo ana dukanta da gora. Burin 'yan sakandare a can kuwa shi ne su kai gasar ƙasa a filin Koshien. Da Minami ta tafi neman littafin koyon aikin, sai bisa kuskure ta sayo na Peter Drucker a kan gudanar da kamfani, wanda asalinsa ya fito a 1973.

Ba ta jefar da shi ba. Ta fara da tambayar da ta samu a ciki: don wa aka kafa ƙungiyar, kuma me suke bukata? Ta shirya 'yan wasa su riƙa zuwa gaida Yuki ɗaya bayan ɗaya, a can kowa ya amayar da abin da ke cinsa. Da aka lura suna gudun atisaye alhali ba sa fashi ranar gasa, sai aka raba su rukuni-rukuni, atisayen kansa ya zama gasa. Da haka suka kai Koshien.

Jama'a, wannan ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Zuru. Ku dubi samarin golmo na Dakarkari, masu haɗa kai su nome gonar surukin ɗayansu. Kowanensu ya san don wa ake aikin, ya kuma san ranar tasa na tafe. Abin da ke riƙe fartanya a hannunsu ke nan. Mu da muka zo jami'a, sai muka saki wannan muka kama rigimar muƙami.

Bisa ga haka muna ba da shawara: a zaɓe mai zuwa kowace ƙungiya ta fid da manaja wanda ba ya buga wasa, aikinsa ya saurari 'yan wasa, ya riƙe littafin kuɗi, ya ba kowa aikin da ya fi iyawa. 'Yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati su ma su tambayi kansu don wa aka buɗe ofishin, kafin mai zuwa da takarda ya gaji da jira a bakin ƙofa.