Daga Bakwai Zuwa Takwas: Yadda Awo Ya Riƙa Gyara Lissafin Duniyoyin da ke Kewaya Rana



Duk wanda ya yi firamare kafin shekarar 2006, an haddatar da shi cewa duniyoyin da ke kewaya rana tara ne. Ƙannensa da 'ya'yansa kuwa takwas aka ce musu. Manufar wannan takarda ita ce bin sawun wannan adadi, domin a ga cewa duk lokacin da ya sauya, wani ne ya zauna ya auna sama, ya rubuta, ya kuma yarda da abin da awon ya nuna masa ko da ya saɓa wa littafin malaminsa.

Mutanen zamanin da sun lura cewa taurari suna tafiya tare, kowane na riƙe da matsayinsa, in ban da guda biyar masu yawo a tsakaninsu. Malamanmu na hisabi sun san su da Uɗaridu, Zahra, Mirrihu, Mushtari da Zuhal. Aka haɗa su da rana da wata, suka zama bakwai, ƙasa kuwa aka ajiye ta a tsakiya ba ta motsi. Mutanen Babila sun rubuta fitowar Zahra da ɓoyuwarta a allunan yumɓu fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Ita ce Zara matar wata da muke gani bayan magariba, ita ce kuma Gamzaki mai fitowa da asuba.

Abin da ya hana masana barci shi ne tafiyar Mirrihu. Kusan duk bayan wata 26 sai a ga ya tsaya, ya ja da baya na tsawon wata biyu da 'yan kai, sannan ya ci gaba da tafiyarsa. A yau bayanin ba shi da wuya: ƙasarmu ce take zuwa ta wuce shi, kamar yadda fasinja ke ganin motar da aka wuce a hanya tana komawa baya. Amma ga wanda ya ɗauka ƙasa a tsaye take, babu wannan mafita. Baɗlamiyus na Iskandariya, wajen shekara ta 150 Miladiyya, ya warware matsalar da ƙananan da'irori da ke juyawa bisa manyan da'irori. Kada mu raina shi. Lissafinsa ya iya faɗin inda duniyoyi za su bayyana, shi ya sa ya yi mulki fiye da shekara dubu.

An fassara littafinsa, Almajisɗi, zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, kuma malaman Musulunci ba su tsaya ga hadda ba. Albattani, wanda ya rasu a 929, ya sake auna tsawon shekara a Raƙƙa ya samu kwana 365 da awa 5 da minti 46 da daƙiƙa 24, kuskurensa bai fi minti biyu da ɗoriya ba. Ibnul Haisam ya rubuta littafi sukutum kan shakkunsa game da Baɗlamiyus. Nasiruddin Aɗɗusi ya kafa cibiyar duban taurari a Maraga a 1259. Wanda na fi so mu tsaya a kansa shi ne Ibnus Shaɗir, wanda ya rasu a 1375. Aikinsa shi ne fitar da lokutan salla a babban masallacin Banu Umayya da ke Dimashƙa. Wannan ma'aikacin masallaci ya sake tsara tafiyar wata da duniyoyi, kuma a ƙarni na 20 masu bincike suka gano cewa dabarun lissafinsa na wata da Uɗaridu sun yi daidai da waɗanda Kofanikus ya yi amfani da su daga baya. Har yanzu ana muhawara kan hanyar da suka bi suka isa Turai. Ina ambaton wannan ne saboda masu zaton nazarin sama ɗan'uwan duba da bokanci ne. Neman alƙibla da lokacin salla da tsayuwar wata su suka raini wannan ilimi a ƙasashen Musulmi.

A 1543 Kofanikus ya mayar da rana tsakiya. Nan take lissafi ya birkice: rana da wata suka fita daga jerin, ƙasarmu ta shiga, adadi ya koma shida. Sai dai tsarinsa bai fi na Baɗlamiyus dacewa da sama sosai ba, domin shi ma ya nace wa cikakkiyar da'ira. Kefla ne ya kwance wannan ƙulli da awon da Taiko Birahe ya shafe shekaru yana tarawa. Lissafinsa na Mirrihu ya saɓa wa awon da ɗan abin da bai wuce rubu'in faɗin wata ɗan daren sha huɗu ba. Da wani ne, da ya ce kuskuren mai awo ne ya wuce. Kefla ya san Birahe ba ya irin wannan kuskure, sai ya watsar da aikin shekaru ya sake lale, har ya bayyana a 1609 cewa hanyar duniyoyi da'ira ce da aka ɗan matse. A ganina, babu wani mataki a tarihin falaki da ya kai wannan daraja. Shekara guda bayan haka Galileyo ya hango watanni huɗu suna kewaya Mushtari, a 1687 kuma Niyuton ya bayyana ƙarfin jan da ke riƙe da su duka.

Daga nan madubin hangen nesa ya karɓi ragama. A 1781 William Herschel, makaɗi a garin Bath na Ingila, ya gano Yuranas, yana zaton tauraro mai wutsiya ne. A 1801 aka gano Siris, aka ƙirga ta cikin duniyoyi na tsawon shekaru, sai da ire-irenta suka yawaita tsakanin Mirrihu da Mushtari aka cire ta.

Labarin Naftun ya fi ban mamaki. Yuranas ta riƙa kauce wa inda lissafi ya ce za a same ta. Bafaranshe Le Verrier ya ce lalle wata duniya ce ke jan ta, ya lissafa inda take, ya aika wasiƙa Balin. A daren 23 ga Satumba 1846 Johann Galle ya same ta, tazarar ba ta kai digiri ɗaya ba daga inda alƙalami ya nuna. Amma wannan gwani da kansa ya sake gwada dabarar a kan Uɗaridu, ya ce akwai wata duniya kusa da rana mai suna Bulkan. Aka yi ta nema shekara da shekaru, babu ita. Sai a 1915 Ainshitain ya nuna cewa ƙa'idar Niyuton ce ke buƙatar gyara.

Fuluto kuwa Clyde Tombaugh ya gano ta a 1930 a Arizona ta Amurka. Da aka auna ta da kyau, faɗinta kilomita 2,377 ne, watanmu ma ya fi ta girma. A 2005 aka gano Eris, wadda ta fi ta nauyi. Ko dai a ƙara jerin ba iyaka, ko a kafa sharaɗi. A Agustan 2006 ƙungiyar masana falaki ta duniya, a taronta na birnin Prague, ta zaɓi sharaɗi, Fuluto ta bi sahun Siris. Wasu masana har gobe ba su gamsu ba.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Manomanmu suna ƙidayar damina da taurari irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha, suna kuma lura da Kaza da 'Ya'yanta. Muhammad Alkashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya bar rubuce-rubuce kan hisabi da taurari. Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibinmu ke jero sunaye takwas a jarrabawa, amma a fitar da shi tsakar gida da dare ba zai iya nuna Mushtari ba, alhali samaniyar ƙauyukanmu a daren da babu hazo ta fi ta manyan biranen Turai bayyana taurari.

Don haka ina kira ga malaman kimiyya: ku ba kowane ɗalibi littafin rubutu guda, ku sa shi ya riƙa zana matsayin Mirrihu ko Zahra a tsakanin taurari sau ɗaya a mako har zango ya ƙare, ya kawo a tattauna a aji. Ina kuma roƙon sassan Hausa da na kimiyya a jami'o'inmu su zauna da malaman hisabi da tsofaffin manoma, a rubuta sunayen taurari da ƙidayarsu tun masu sanin suna raye.